Rijiyar Jagaba

Mun tashi da asuba daga Nassarawa GRA, ni da ƙanina da ke tuƙi, sai tsohon da ke kula da shukokin gidanmu tun mahaifina na da rai, wanda kowa ke kira Baba. Tafiyar tasa ce. Shekara da shekaru yana ba mu labarin kakansa, jagaban ayarin fatake, wato mai shiga gaba ya nemo musu hanya da ruwa. Shi ne ya haƙa wata rijiya a dajin arewa da Gumel, dab da iyaka, ake ce mata Rijiyar Jagaba. Kwanan baya wani ɗan garinsu ya gaya masa an kewaye ta, har an kafa allo. Baba bai yi boko ba, sai ya roƙe ni in kai shi in karanta masa sunan kakansa a jikin allon tun yana da sauran ƙarfi.

Mun bi titin Haɗeja muka wuce Gezawa gari bai gama wayewa ba. A Gujungu muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanina ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce in ya san inda wake ke araha ya raka ta. Baba ko ƙwaya ɗaya bai ci ba. Ya sha farar rigarsa ta Juma'a, sai gyara hula yake yi.

Bayan Gumel muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki, amalanken shanu na ta wuce mu ba tare da wahala ba, mu kuwa motar sai nishi take. Taswirar wayar ƙanina ta ɗauke. Daga nan Baba ya karɓi ragama: a bi ta gindin kukar can, a bar fadama a hannun hagu. Rabonsa da wurin ya fi shekara talatin, amma ko sau ɗaya bai sa mun yi ribas ba.

Da hantsi muka isa. An zagaye rijiyar da waya, an shafa wa bakinta farin fenti, ga allon nan da Turanci. Na fara karantawa a zuci, raina ya ɓaci tun daga layin farko. Rijiyar Bature, haka aka rubuta. Wai wani Bature mai yawon bincike ne ya gano ta a dajin da babu kowa, tare da amintaccen boyinsa. Ta yaya ake gano rijiya? Tsiro take yi? Wani ne ya shiga rami da diga, ya yi ta fito da ƙasa har ya tarar da ruwa. A labarin da Baba ya gada, Baturen nan a kan jaki aka kawo shi, zazzaɓi ya kayar da shi, jagaba ne ya shayar da shi ya yi jinyarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, na tambayi wata mata da ke jan ruwa wa ya haƙa rijiyar, ta ce ai Bature ne, ga shi nan a rubuce. Allon da bai daɗe da kafuwa ba ya cinye abin da kakanninta suka sani.

"Alhaji, me aka ce?" Baba ya tambaye ni.

Na so in yi masa ƙarya, amma na kasa. Na fassara masa kalma da kalma. Da na zo kan boyi sai ya ɗaga hannu.

"Boyi irin mai goge takalmi? Mutumin da ayari guda ba ya sauke kaya sai ya ce a sauke?"

Na juya kan mai kula da wurin, wani magidanci mai sanyin hali, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce an saci gumin mutum, an kuma hana shi ko da suna. Ya bari na gama, sannan ya ce su ma daga littafin Baturen aka kwafo musu, amma za a sabunta allon, in an ba shi sunan zai miƙa wa masu abin. Ya zaro biro.

Fuskar Baba ta washe. Ya ce, "Ai sunansa aka sa mini. Iyayena ba sa iya kama shi, shi ya sa ake ce mini Baba tun ina goye. Alhaji, faɗa masa, kai ka san yadda ake rubuta shi da boko."

Ni duk zatona saboda tsufa muke ce masa Baba. Na dubi ƙanina, ya sunkuyar da kai. Mai biro yana jira, Baba yana jira. Nan tsohon ya gane ban san sunansa ba. Ya matsa kusa da mutumin ya faɗi sunan da kansa, a hankali, sau biyu.

Mun shigo Kano bayan magariba. Har yanzu ina jin haushin allon nan, kuma zan bi maganar har a gyara shi. Amma tafiyar ta koya mini cewa ba sai da mugunta ake shafe mutum ba, rashin tambaya ma ya isa. Baturen nan wata biyu ya yi da jagaba bai riƙe sunansa ba. Ni shekara arba'in na yi da jikansa a gida ɗaya.