Goron Ɗaurin Aure a Kan Taya Ɗaya

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe ranar ɗaurin auren ƙanena, ranar da na kai wa kwaltar Jos gaisuwa da baki.

A lokacin ina ɗinki a Nasarawa Gwom, kuma ni kaɗai ne a unguwar ke da keken lantarkin nan mai taya ɗaya, wanda ake tsayawa a kansa, ba kujera ba abin riƙewa. Na hannu ne, wajen wani kwastomana na saya. Ban tambaye shi shekarun batirin ba, abin da na tambaya shi ne ko fitilun suna canza kala. In na fito da safe, hannu a aljihu, hula a karkace, ji nake kamar don ni aka shimfiɗa titin.

Wanda bai taɓa hawa ba, ga yadda abin yake: batirin ne ke riƙe da kai a tsaye. Babur in mai ya ƙare, sai ya gangara ya tsaya. Wannan kuwa in ƙarfinsa ya yanke, fuskarka ce birki.

Kuma ba wai bai yi mini kashedi ba. Tafiyar da nake zuwa in dawo da caji ɗaya, ta koma sai na roƙi soket a hanya. Da sanyin safiya sai ya yi nauyi. In na jona shi, gefensa ya ɗau zafi. Matata ta ce abin nan ya fara shan wuta kamar dutsen guga, na ce mata ba fanninta ba ne. Sai kuma tsuwa, ko ɗan hawa ya gani sai ya kama ƙara. Masu Keke Napep suka samu abin yi, wai, "Oga, agogonka ya ce a tashi sahur." Haushi ya sa na shiga wayata na kashe ƙarar. A wurin da na kashe ta ake nuna lafiyar batirin, ko kallo bai ishe ni ba.

Ranar Juma'a ce, bayan salla za a ɗaura a wani masallaci gaba da Tina Junction. Ana idar da salla, Kawu, wanda shi ne wakilin ango, ya gano an manta kwalin goro da alewa a shagona. Liman yana da wani ɗaurin auren a gabansa, hanya kuma ta cushe. Zuwa gaban dangin amarya ba goro abin kunya ne da za a daɗe ana faɗi. Na buga ƙirji na ce a bar mini.

Zuwa lafiya na je. Na duba fitilun caji, suna nuna saura da yawa. Ban san tsohon batiri a tsaye kawai yake cika baki ba, sai an ɗora masa kaya ake jin gaskiyarsa. Na rungumi kwali, babbar riga tana kaɗawa, ina ratsa motoci ina amsa gaisuwa da kai.

A kan hawan da ke bayan mahaɗar Tina, matakan ƙafa suka ɗan ɗaga ni baya. Gargaɗin ƙarshe ke nan, ni kuwa na ɗauka gargada ce, na ƙara duƙawa gaba. Sai kawai na ji babu komai a ƙarƙashina.

Kwali ya yi sama, ni na yi ƙasa. Na ji ƙarar birki a bayana, har warin tayar motar ya shiga hancina. Da na ɗago, goro ne ke gangarawa fari da ja, jama'a na bin sa. Wasu sun maido, wasu sun zuba aljihu. Wani dattijo, yana tauna, ya tambaye ni auren wa ake, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya. A wajen cewa amin na ji iska na wucewa ta inda haƙorina na gaba yake a da.

A cikin Keke Napep na ƙarasa, keken nawa a cinyata, kafaɗun direban sai rawa suke don dariya. Na tarar an shafa fatiha, dabinon ƙofar masallaci aka saya aka raba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na durƙusa gaban Kawu da ragowar goron, ina ba shi labarin faɗuwar, ina haɗa kalmomin ban haƙuri.

Bai kalli kwalin ba. Jinin da ke rigata ya kalla, da ƙurar da ke hulata, ya ce, "Aure an ɗaura ko ba goro. Da mai motar nan bai taka birki ba, da wani taron muke yi yanzu." Sai a lokacin tsoro ya kama ni.

Da mai gyara ya buɗe batirin, ya tarar wasu daga ƙananan batiran da ke cikinsa sun kumbura. Na canza shi, na maido da ƙarar, kuma kafin in hau sai na duba lafiyarsa. Abin da na koya shi ne, duk abin da ke ɗauke da kai, in ya fara ƙorafi ka saurare shi, ko da duniya za ta yi maka dariya.