Ƙanen da Aka Ce Ni Na Danne

Jiya maƙwabciyata ta ɗora jiƙon saiwoyi da kanwa za ta kai wa 'yarta mai tsohon ciki, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Sai da na ajiye faifan. Wannan wari ne ya cika gidanmu na ƙauye, can bayan duwatsun Roni, lokacin da nake da shekara bakwai.

Ƙarshen damina ne, an yanke gero, maza sun koma cirar gyaɗa. Inna tana da cikin da ya tsufa, sai ta dafa bango take miƙewa. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane. A ɗakin kakata, uwar Baba, da muke ce wa Iya, na tashi. Iya ita ce ungozomar unguwa. Rabin yaran garin a hannunta suka faɗo, kuma ta san gindin katangar da aka binne mabiyiyar kowa. Kullum da hantsi takan tace wa Inna maganin zaƙi a ƙoƙo, wai ya wanke abin da ke tare wa mace hanyar haihuwa.

Wata rana da azahar na tarar da Inna kwance a tabarma a inuwar rumbu, ba kowa a tsakar gida. Na lallaɓa na ɗora kaina a kan cikinta, ina so in ji motsin ƙanena. Ba ta kore ni ba, har ta sa hannu tana shafa min kitso. Sai na ji muryar Iya daga bakin zaure.

"Ke, ɗaga shi. Ta ina kike so ya yi numfashi?"

Bayan kwana biyu aka haife shi ba rai. Mata suka cika gida suna jaje, kowacce ta tambayi yadda aka yi, Iya ta ba su amsa ɗaya: yarinyar nan ce ta kwanta masa, ta toshe masa iska. Inna na zaune kanta a ƙasa, ba ta ce uffan ba.

Ba wanda ya doke ni. Da ma dukana aka yi, da tuni ya wuce. Masu ciki suka riƙa janye jikinsu in na matso, yara suka sa min suna mai nauyin kai. Ko a suna aka miƙo min jariri sai in ɓoye hannuwana a bayana. Da na kai sha shida na ji malamin Islamiyya yana bayanin kaffarar kisan kuskure, azumin wata biyu a jere. Na yi shi a tsakiyar bazara, ina ɗebo ruwa a rijiya leɓena a tsage. Na ce wa mutane nafila ce. Inna ce take dama min fura ta ajiye min a ƙofar ɗaki kafin magariba.

Aure ya kawo ni Kazaure. Da na sami cikin fari na fara zuwa awo, muna jere a kan benci wata malamar asibiti, mutuniyar kudu da Hausa ta zauna a bakinta, ta ɗaga hoton jariri a cikin mahaifa. Ta ce ɗan da ke ciki a ruwa yake kwance, ba ya numfashi da hanci. Uwa ce ke shaƙar iska, jininta ya ɗauka ya kai wa mabiyiya, mabiyiya ta miƙa masa ta cibiya. In mabiyiyar ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin lokaci, iskarsa ta yanke, kuma sau da yawa jini ne alamar. Ta ce duk wadda ta ga jini kada ta jira miji ya dawo daga kasuwa.

Da aka watse na tsaya. Na ce, "Malama, in yarinya ta ɗora kanta a kan ciki fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Sai dai ya shure ta. Ba ta nan iskar ke shiga ba."

Ban san yadda na hau babur na kai gida ba. Ran Juma'a na tafi ƙauye. Iya ta daɗe da rasuwa. Na sami Inna tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, sannan na tambaye ta ko ta ga jini a wancan cikin.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta ce tun kwana uku kafin in kwanta mata jinin ya fara. Iya ta ce zaƙi ne ke fita, ta ƙara mata jiƙo. Baba ya yi maganar a ɗaura wa shanu amalanke a kai ta bakin titi, Iya ta ce a gidanta ba a taɓa kai haihuwa asibiti ba. Ranar da na ɗora kaina, tun safe yaron ya daina motsi.

"Inna, kin sani, kika bari?"

"To laifin wa za a ce? Uwar mijina? Ke yarinya ce, mun ɗauka za ki manta."

"Azumin da na yi fa? Kin san na mene ne?"

"Na sani," in ji ta, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Yau ƙauyenmu akwai ɗakin shan magani, akwai waya a hannun kowace amarya, babur yana shiga har ƙofar gida. 'Yan matan yanzu sun san aikin mabiyiya tun suna makaranta, ba mai yi musu irin tatsuniyar da aka yi min. Iya kam na yafe mata, don ita ta yarda da abin da ta sani ne, ta kuma ji tsoron a ce hannunta ya kashe jika. Inna tana raye. Ina zuwa duk sallah, ina kai mata atamfa da sabulu, ina durƙusawa yadda aka koya min. Malamai sun ce a yafe wa iyaye, ina kuma ƙoƙari, Allah shaida ne. Amma zuciyata ta ƙi sauka daga kan abu ɗaya: sau sittin ta dama furar nan ta ajiye min, ta koma ɗakinta ba ta ce min komai ba.