Wata Huɗu Babu Goro

Babanmu ya kusa shekara arba'in yana sayar da goro a kasuwar Asawase da ke Kumasi, kuma da haƙoransa yake ciniki. Ba wasa nake ba. In fatake suka zo daga arewa, daga Maraɗi ko Damagaram inda kakanninmu suka fito, ba wanda zai ɗora huhu ɗaya a mota sai an zauna a tabarma tukuna. Baba zai cusa hannu can tsakiyar huhun, ƙarƙashin ganyen da aka lulluɓe goron da shi, ya zaro ɗaya ba tare da ya duba ba. Ya ɓara shi biyu, ya gatsa rabi a gaban mai saye, ya miƙa masa ɗaya rabin. Ƙarar gatsawar nan ita ce shaida. Goro mai lafiya yana cewa ƙaras, wanda zafi ya dafa kuwa ba ya magana. Wanda Baba ya ba rabin goronsa ya san an yarda da shi, kuma ba za a cuce shi ba.

Sai ciwon dasashi ya kama shi. Haƙoran sama suka fara girgiɗa, suna fita ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura uku waɗanda ba su san juna ba. Aka yi masa na roba masu cirewa. Ya lallaɓa da su wajen shekara guda, har ranar da babban amininsa ya zo sayen goro, wani Alhaji ɗan Maraɗi da suke hulɗa tun ban san kaina ba. Baba ya ɓara goro, ya gatsa, ya ja hannu, sai haƙoran suka biyo goron. Ƙanena da ke wurin ya ce ba wanda ya yi dariya, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Ni a ganina da ma sun yi dariyar, da abin ya zo da sauƙi. Baba ya naɗe haƙoran a hankici, ya dawo gida, ya bar wa ƙanena rumfa, bai sake taka kasuwa ba har shekara biyu.

Goron kam bai daina ci ba. Ya sa aka huhhuda masa murfin gwangwanin madara da ƙusa, ya zama magogi irin na tsofaffi. Sai dai ba ya yarda a gani. In kwaɗayin ya taso masa ya shige ɗaki ya tura ƙofa, mu kuma mu riƙa jin ƙur-ƙur-ƙur daga tsakar gida, kowa ya yi kamar kurma. Mutumin da muryarsa ke cika layinmu ya koma magana da hannu a baki. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi, shi ya sa ma yake ce mini Uwata. Kuma ni ce mai baki a gidan, wannan ko maƙwabta za su ba da shaida.

A shagon ɗinkina, wanda ke ƙofar gidanmu, na ji labarin dashen haƙori daga wata mai kawo mini ɗinki da aka yi wa surukarta. Mu 'ya'yansa muka haɗa kai, ni aka wakilta in shawo kansa. Sai da na yi wata biyu ina mita kafin ya yarda muka hau trotro, motar haya, zuwa asibitin haƙori a unguwar Adum.

Likitar wata Ba'ashantiya ce da ta tashi kusa da Zango, unguwar Hausawa, Hausarta irin ta kasuwa, ba kwana-kwana. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin bakinsa, aka auna jini da sukari, sannan ta juyo mana da hoton. Ta ce za ta cire ukun da suka rage, ta dasa ƙananan ƙusoshi huɗu na wani ƙarfe da jiki ba ya ƙinsa a cikin ƙashin, a ɗaure jerin haƙora a kansu. A ranar zai tafi gida da haƙora, amma na wucin gadi ne. Sai ƙashi ya kama ƙarfen ya riƙe shi gam, sannan a sa na dindindin. In aka takura wa ƙusoshin kafin lokacin, za su yi sako-sako, aiki ya lalace, kuma ƙashin Baba ba shi da kaurin da za a sake gwadawa yadda ake so.

"Alhaji, wata huɗu," ta ce, ta ɗaga yatsu. "Cincinga, tsiren nan naku, babu. Ƙashin kaza, babu. Goro paa, shi musamman, ba ka gatsa shi kraa, ko kaɗan. In bakin ya warke, ka goga shi ya yi laushi, ka ci, ka wanke baki. Amma gatsawa, a'a. Ka ji ni?"

Baba ya ce, "Yoo," wato ya ji. Da ta ambaci gogawa sai ya kalli bango.

Bai yarda an sa rana ba sai da ya tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a binne mutum da ƙarfe a baki. Liman ya ce magani ne, ba laifi. Sannan ya ce a bari sai bayan azumi, kada shan magani ya shiga tsakaninsa da Ramadan.

Ranar aikin na zauna a benci tun safe har bayan azahar, ina jan carbi ina jin ƙarar injin ta bango. Na zaci za a fito mini da shi a kan gado. Sai ga shi da ƙafarsa, leɓe a kumbure, auduga a baki, yana nuna mini da hannu wai bai ji zafi ba, turawa da jijjiga kawai ya ji. Likita ta miƙa masa madubi. Ya daɗe yana kallo. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ni kuwa da na shirya tsokana tun daga gida, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

Kwana na biyu da na uku ne kumburin ya yi tsanani, kamar yadda aka gaya mana. Fuskar Baba ta zama kamar ƙosai, har ƙasan idonsa ya yi duhu. Na riƙa ɗora masa ƙanƙara a cikin tawul, Mma, mahaifiyarmu, ta jera masa matasai uku don kansa ya ɗaga. Salla a zaune ya yi ta kwanakin farko, don in ya sunkuya sai bakin ya riƙa bugawa. Wajen alwala ma aka ce ya sa ruwa a baki ya karkata kai ya bar shi ya zubo da kansa, ban da kurkura da ƙarfi, ban da asuwaki. Abinci kuwa koko mai ɗumi-ɗumi, fura mai ruwa, ƙwai, daga baya tuwon zafi da miyar ayoyo ba nama. Bayan mako biyu aka duba ɗinkin bakin aka ce lafiya. Duk wannan mun shirya masa. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne 'yan dubiya.

A Zango ba a zuwa gaida dattijo hannu sake, goro ake kawowa, shi kuma ya ɓara a gabanka ya ɗanɗana, ya sa maka albarka. To balle dattijon da goro ne sana'arsa. Duk wanda zai zo sai ya tsaya ya zaɓo mafi kyau, don ya san wanda zai kai wa. Fari, ja, manya-manya masu sheƙi. An yi wa mutum haƙora, ai kowa gani yake babu kyautar da ta fi dacewa da shi. Kafin mako uku faranti biyu sun cika a ɗakin. Ga Baba da haƙora farare tas a baki, ga goro a gabansa, yana juya shi a hannu yana shinshinawa.

Sai na ɗauko keken ɗinkina daga shago na kafa shi a bakin ƙofar ɗakinsa. Duk wanda ya yi sallama sai na amsa, na miƙa hannu na ce, "Kawo goron nan, likita ta hana." Na karɓe na limami, na karɓe na mai unguwa, na karɓe na wata gwaggonmu wadda ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Baba ya ce na mai da shi fursuna a gidansa, ya ce ko sojan kan iyaka ya fi ni tausayi. Na ce na ji, a ƙara. Mma tana ta ba mutane haƙuri a bayana, wai haka aka haife ni. Gaskiya ina jin kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Na san in ƙusa ɗaya ta motsa, ba bakinsa kaɗai zai lalace ba, kasuwar ce ba zai sake komawa ba har abada.

A cikin wata na biyu, wata ranar Laraba da hantsi, Alhajin Maraɗi ya yi sallama. Sau ɗaya yake zuwa Kumasi a shekara, kuma tun ranar da abin nan ya faru Baba yake ɓoye masa, a ce ya fita ko yana barci. Wannan karon ya shigo har tsakar gida. Na miƙe na buɗe baki, sai ya dube ni ya ce, "'Yata, ke ce kika girma haka?" Mutumin da ya ɗauke ni ina jaririya, ta yaya zan ce ya zazzage aljihunsa? Na matsa masa ya wuce, na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa.

Suka gaisa, suka daɗe suna gaisawa, aka tambayi iyali da damina da hanya. Alhaji ya kalli bakin Baba ya ce, "Masha Allah, ka koma ango." Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro, ya ɓara, ya miƙa wa Baba rabi. Shekara biyu ke nan rabon da rabin goro ya wuce tsakaninsu.

Baba ya karɓa. Na ga hannunsa ya tashi zuwa baki. Ban san lokacin da na ce "Baba" ba, a hankali, ni da ba a san ni da magana a hankali ba. Ya tsaya. Ƙin cin rabin nan a wurinsu daidai yake da cewa hulɗa ta ƙare, na sani, shi ma ya san na sani. Ya kalle ni, ya kalli goron. Sai ya juya ya ɗaga matashinsa, ya zaro magogin nan na gwangwanin madara, wanda ko Mma ba ta taɓa ganinsa a hannunsa ba. Ya ɗora shi a gwiwa ya fara gogawa a gaban baƙo, ƙofa a buɗe, ƙur-ƙur-ƙur, kansa a ƙasa.

Alhaji ya zuba wa magogin ido. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya sa hannu a ɗaya aljihun, ya fito da nasa magogin, na gwangwanin tumatir, har ya yi baƙi don tsufa.

"Shekara biyar," ya ce. "Turamena duk sun tafi, na gaban nan ado ne kawai. In ka ba ni rabi sai in ɗan lasa in ɓoye a kumatu, in na koma masauki in goga. Kai ka gudu gida don naka sun faɗi sau ɗaya, ni da nake yi maka ƙarya kowace shekara fa?"

Ban taɓa jin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya riƙe haɓa da hannu biyu don tsoron ƙusoshinsa, hawaye na zuba, yana cewa, "Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah." Mma ta rugo daga madafa da muciya a hannu ta zaci wani abu ne ya faru. Ta tarar da tsofaffi biyu suna gasar wanda magoginsa ya fi kaifi. Ni dai na kawo ruwan gishiri mai ɗumi na tsaya a kansa sai da ya wanke baki.

Daga ranar na mai da kekena shago. Duk wanda ya kawo goro, Baba ya karɓa ya goga a gabansa, ya ɗanɗana, ya faɗa masa daga wane daji aka tsinko shi. Ashe rabin dattawan layinmu suna da magogi a aljihu.

Da wata huɗu ya cika likita ta sake ɗaukar hoto, ta ƙwanƙwasa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta ce ƙashi ya riƙe. Aka gwada, aka gyara, muka yi zuwa uku kafin a ɗaura na dindindin. Ta koya masa yadda zai wanke ƙarƙashinsu da ɗan siririn buroshi, ta ce goro yanzu ya gatsa, amma ɓari-ɓari, ba kamar mai fasa ƙashi ba.

Washegari ya sa farar riga ya ce in raka shi kasuwa. Tun daga bakin layin 'yan goro ake ta "Alhaji, akwaaba! Sannu da zuwa!", masu dako suna ajiye kaya suna miƙo hannu. Ya zauna a tabarmarsa, ƙanena ya jawo masa huhu. Ya cusa hannu can tsakiya, ya zaro ɗaya, ya ɓara. Mutane sun kewaye mu, har da fatake biyu daga arewa da ke jiran a ba su rabi. Ya kai baki.

Ƙaras.

Na ji ta har cikin ƙirjina. Aka ɗauki kabbara. Fataken nan kowa ya matso da hannu, amma Baba ya tsallake su, ya miƙo mini ɗaya rabin ta saman kawunansu.

"Uwata, karɓi."

Ni tun ina yarinya ban taɓa son goro ba, ɗacinsa har ƙwalla yake sa ni, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Na karɓa da hannu biyu, na tsaya a tsakiyar kasuwar Asawase na cinye shi tas.