Aladen da Ya Jira Gwamnati a Rijiya

Na manta sunayen rabin yaran da na koyar a rayuwata, amma kwanakin da aladen wata gwauruwa ya yi a ƙasan rijiya yana jiran a gano ma'aikatar da ke da alhakinsa, wannan kam sai dai in shiga kabari da shi.

Shekarar da aka soma karatun firamare kyauta ce. Ina sabon malami a wani ƙauye da ke bayan Kafanchan, tafiyar hantsi guda a keke. Kafin zuwana gwamnati ta haƙa wa ƙauyen rijiya ta siminti. An ba ni labari cewa ranar buɗe ta wani babban ma'aikaci ya zo a Landiroba, ya yi jawabi da Turanci, sannan ya ja kunne cewa wannan dukiyar gwamnati ce, kada wanda ya kuskura ya shiga cikinta, in an sami matsala a kai rahoto ofis. Mutanenmu kuwa, in mai kaki ya yi magana, riƙe ta suke yi kamar ayar Littafi Mai Tsarki. Murfin rijiyar aka ce yana hanya. Ina jin har yau bai iso ba.

Gwauruwar nan maƙwabciyata ce, kowa Mama yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa namiji guda, shi ne za a ɗaura wa aure ranar Asabar ɗin bayan Ista. Dangin amarya daga wajen Fadan Kaje za su zo, kuma a wurinmu abin da aka sa wa surukai a kwano shi ake tunawa, ba wa'azin fasto ba. Saboda wannan rana Mama ta ɗauko aladen tun yana ɗan mitsitsi, ta yi ta ciyar da shi da dusa da ganyen dankali har ya zama abin kallo. Ba ta da akuya, ba ta da saniya. Mutuncinta gaban surukai kaf yana tafiya ne da ƙafa huɗu.

To, ana cikin makon bikin aladen ya ɓalle daga ɗaki, karnuka suka bi shi, ya zarce cikin rijiyar. Bazara ce, ruwan ya ja baya sai taɓo da ɗan abin da bai kai masa wuya ba, don haka bai nutse ba. Ƙafa ce ta karye. Kukansa har makaranta muna ji.

Angon ya tuɓe riga ya ɗaura igiya a ƙugu, sai mai unguwa ya tare shi. "Kana so ka yi aure a sel na 'yan sanda? Ba ka ji abin da oga ya ce ba? Rijiyan gomnati ne." Dattawa suka gyaɗa kai. Aka waiwayo kaina, tunda ni ke da keke da Turanci.

Mama ta kama hannuna. "Tica, je ka gaya musu. Alade na bai yi laifi ba. Kafan shi ya karye, su zo da sauri."

Na ce, "Mama, kwantar da hankalinki, kafin yamma an gama." Allah sarki ƙuruciya. A lokacin na ɗauka gwamnati mutum guda ce mai kunne biyu.

Da na isa Kafanchan, na fara da ofishin masu kula da ruwa. Na tarar da wani mutum mai kirki, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe.

"Tica, rijiyan ya rushe?"

Na ce a'a.

"Ruwa ya kafe?"

Na ce da saura.

"To ina komplen? Mu siminti da ruwa ne namu. Duk abin da yana numfashi, na likitan dabbobi ne."

Na roƙe shi ko izini ya ba mu, mu da kanmu mu shiga. Ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne, ogan da ke ba da izini ya tafi rangadi, ba a san ranar dawowarsa ba.

Likitan dabbobi ya fi shi fara'a. Har ya fara naɗe hannun riga. "Kawo shi, yanzu-yanzu zan ɗaure ƙafan."

"Ranka ya daɗe, yana cikin rijiya."

Ya sauke hannun rigar. "Malam, ni likita ne, ba mai yasan rijiya ba. A fitar da shi tukuna." Na ce wa zai fitar? Ya ce masu rijiyar mana. Ya nuna mini ƙofar da na fito daga cikinta ɗazu.

Wani masinja ya tausaya mini, ya ce in gwada duba-gari, tunda ruwan sha ne. Duba-garin yana cikin kaki mai sitati, takalminsa na sheƙi. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ya mutu?"

"Da ransa, yallaɓai."

"To ba kes namu ba ne tukuna. Mu mushe ne aikinmu. Amma ran da ya mutu, ka zo da gudu. Ba a wasa da lafiyan jama'a."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi mini tsawa, babu wanda ya yi ƙarya. Kowannensu ya san aikinsa sarai, ya san inda ya fara da inda ya tsaya, kuma ta ikon Allah duk iyakokin sun tsaya ne daidai bakin rijiyarmu.

Haka na yi ta zarya kullum bayan an tashi makaranta. Matan ƙauye suka koma rafi mai nisa ɗibar ruwa. Mama kuwa ta tare a bakin rijiya. Takan zura masa dusa a guga, ta leƙa tana yi masa magana da yarenmu, tana ce masa ya yi haƙuri, gwamnati na zuwa. Matan zumuntar coci suka zo suka yi addu'a a wurin. Wani dattijo ya ba da shawara a soke shi daga sama da mashi, aka ce ai jini zai ɓata ruwan gwamnati. Kukan aladen ya yi ta raguwa.

Ranar Alhamis da safe gugan ya dawo da dusarsa ba a taɓa ba.

Na hau keke kamar yadda aka umarce ni. Jama'a, ban taɓa ganin aiki da cikawa irin na ranar ba. Kafin in gama magana duba-gari ya sa hularsa. Shi a babur, ni a keke ina binsa da ƙyar, har muka iso. Ya leƙa rijiyar, ya toshe hanci, ya dubi samarin da ke tsaye.

"Me kuke kallo? Ku shiga ku fitar da shi!"

Mai unguwa ya ce, "Oga, an ce kar a shiga."

"Yanzu kes na ne. Na ce a shiga."

Angon ne ya shiga, da igiyar nan tasa. Kafin ruwan shayi ya tafasa an jawo aladen waje. Mama ta durƙusa ta roƙa a bar mata ko cinya ɗaya, tunda bai daɗe da mutuwa ba. Duba-gari ya ce doka ta hana, kuma gaskiyarsa. Ya sa aka zuba kananzir aka ƙone shi ƙurmus a gabanta, ƙauye duk ya cika da ƙanshin naman da ba wanda zai ci. Ya zuba magani a rijiyar, ya ce kada a sha sai an yashe ta. Na tambaye shi wa zai yashe. Ya ce wannan na masu ruwa ne, ya tayar da babur.

An ɗaura aure ranar Asabar. Maƙwabta suka haɗa 'yan kaji, amma me kaji za su yi wa mota guda ta baƙi? Aka sa wa surukai tuwon acca da miyar karkashi. Na ga gwaggon amarya tana juya miyar da yatsa tana nema, sannan ta dubi ta kusa da ita. Mama ta gani. Ta koma madafa, kuma har aka watse ba ta fito ba. Matan zumunta suka yi ta kiran uwar ango ta zo ta taka rawa, ta aiko cewa hayaƙi ya shiga mata ido.

Daga baya ni ma na zama ma'aikaci mai tebur, kuma ban ce raba aiki tsakanin ma'aikatu laifi ne ba, dole kowa ya san nasa. Abin da na koya dai shi ne, duk wanda ya zo gabanka da abu mai rai a hannu, ba iyakar ofishinka ya zo tambaya ba. In ba naka ba ne, tashi ka raka shi wurin mai shi, ka tsaya har a yi. In kuma kai ne mai kukan, ceci abinka tukuna, in ya so a kai ka ƙara, shi kuwa yana nan da ransa.