Kwalbatin Bakin Kara

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa, ni ne helluman leburorin da ke gyaran titi da yashe kwatoci a cikin Wudil. Mu cike ramuka da marmara, mu kwashe yashin da ruwa ya tara a bakin hanya, in damina ta gabato mu bi lambatu da shebur da baro. Karatuna bai wuce elementare ba, amma ina iya karanta takarda, shi ya sa aka ɗora ni a kansu.

A cikin leburorin akwai ɗana na fari, Allah ya jiƙansa. A hannun mahaifiyata ya tashi a Dagumawa, kuma ba ni na nema masa aikin ba, ƙanena ne ya kawo shi, a gidansa ma yake kwana. Kamar kowane uba a wajenmu, ban taɓa kiran sunansa ba. In ina son magana da shi sai in ce "kai", in ina maganarsa da wani in ce "yaron nan", ko da yake a lokacin ya tara gemu. Leburori kuwa Ɗan Helluma suke ce masa.

A shekarar ne wani ɗan kwangila ya faɗaɗa babban titi, ya fasa tsohon kwalbatin da ke bakin kara, inda ake cinikin shanu, ya binne sabo. Tsohon gajere ne, in ka durƙusa a wannan baki kana hango haske a wancan. Sabon kuwa bututun siminti ne aka jera aka haɗa, dogo, ga ƙunci, mutum ba ya iya juyawa a ciki. Yadda ya shiga da kai, haka zai fito da ƙafa.

Ga yadda muke buɗe kwalbati in ya toshe. Mutum guda ne ke shiga ta ɓangaren gangare, da ƙaramar diga da tocila, an ɗaura masa igiya a kugu. In na waje suka fizgi igiyar da ƙarfi, to, ya bar komai ya ja da baya. Igiyar ce maganarmu da shi, domin murya ba abin dogaro ba ce, kuma mu muka ɓata ta da kanmu. Leburori suna da wani wasa da na tarar ana yi: da zarar mutum ya yi nisa a ciki, sai su sa baki a bututun su yi ta ihu, "Ruwa! Ga ruwa nan!" ko "Maciji a bayanka!" Wanda ya firgita ya fito, ya shiga uku da tsiya har damina ta wuce. An taɓa yi wa yaron nan a farkon zuwansa, ya fito a guje har ya kurje gwiwa, aka daɗe ana yi masa dariya. Tun daga ranar ko me za a faɗa ba ya waiwaye.

Ruwan farko ya sauka a farkon mako, mai ƙarfi. Ya kwaso karan dawa da kashin shanu da tsummokara ya cusa a sabon kwalbatin, ruwa ya kwanta a gefen kara kamar kududdufi. Ranar Alhamis da hantsi dillalan shanu suka same ni.

"Helluma, gobe kasuwa. A ina za mu tsayar da dabbobi, a cikin kwalekwale?"

Na ce za a buɗe in Allah ya so. Sai dai mai shigar mana kwalbati, wani siririn dattijo ɗan Achika, ya tafi shuka tun da ruwa ya sauka, da shi da rabin mutanena. Lebura manomi ne kafin ya zama lebura, ba ka hana shi. Waɗanda suka rage kusan duk majiya ƙarfi ne masu faɗin kafaɗa. Bayan azahar muka tsaya a bakin bututun muna kallonsa.

Akwai wani ƙato a cikinsu, sarkin barkwanci, shi ya fara magana.

"Ni dai Helluma, in na shiga nan sai an fasa titi za a fito da ni. Tuwon matata ne ya cuce ni."

"Kai da ko ƙofar zaure sai ka karkace," in ji wani.

Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu, domin kowa ya san siriri guda ne ya rage a cikinmu. Ba wanda ya dube shi, ba wanda ya dube ni. Bakina bai iya cewa ya shiga ba, bai kuma iya cewa kada ya shiga ba. Uba ba ya tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Shi da kansa ya tuɓe riga, ya ninke ta, ya ɗora a kan baro.

Igiyarmu ta tsohon kwalbati ce, ba ta kai ba. Aka aro igiyar guga a wani gida aka ƙulla da ita. Ƙaton ya ɗaura masa a kugu, ya buga masa kafaɗa ya ce, "In ka tarar da aljanu suna cin abinci, ka ce ina gaisuwa." Yaron nan ya yi bisimilla ya kwanta rubda ciki ya shige. Na ga tafin ƙafarsa, sannan ban ƙara ganin komai ba sai igiya tana bin sa. Ƙullin ma ya shige. Can sai muka fara jin saran diga, ƙwas, ƙwas, daga nesa.

Rana tana haske a kanmu. Akwai hadari ta gabas, amma ya yi nisa, na duba shi na ƙara dubawa. Leburori suka fara wasansu.

"Ɗan Helluma, ruwa! Ruwa ya taho!"

Daga ciki muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, "Ku sha abinku."

Ana cikin haka sai ga wani mutum a kan keke ya biyo titi. Abin da ya sa na dube shi, jiƙe yake sharkaf, rigarsa ta manne a jiki, hularsa tana ɗiga, alhali ƙasar da yake takawa busasshiya ce. Ya tsaya ya yi mana sannu da aiki. Na tambaye shi daga ina.

"Daga Lajawa. Tun can ruwa ke dukana. Ku da kuke nan ba ku ga komai ba, fadamu duk sun cika, yana nan tafe a bayana."

Na haura titi na leƙa ɗaya ɓangaren, inda ruwan ya kwanta. Da muka zo akwai wani turken ɗaure shanu da ke tsaye a gefen ruwan. Yanzu kansa kawai ake gani. Ruwan ya sauya launi, ya yi ja, kumfa da tarkace suna juyawa a bakin bututun. Duk wannan nauyin, abin da ya tare shi shi ne tarin sharar da yaron nan yake sara daga ciki.

Na dawo na ce a fizgi igiya. Na yi ƙoƙari muryata ta fito yadda ta saba. Ƙaton ya fizga, igiyar ta taho kaɗan ta tsaya cak. Ya ƙara fizga, wani ya kama masa, ba ta motsa ba. Ƙullin ya maƙale a mahaɗar bututu. Duk jan da muke yi a nan yake tsayawa, ba ya kai wa kugunsa. Saran diga kuwa bai daina ba.

Suka zube a bakin bututun gaba ɗaya.

"Ɗan Helluma, fito! Ruwa! Wallahi ruwa!"

"Na ji," in ji shi. "Ku gai da shi."

"Ba wasa ba ne! Na rantse da Allah ba wasa ba ne!"

Sai dai sun sha rantse masa a baya. Muka ji kamar yana dariya, sannan ƙwas, ƙwas.

Manyan motoci ɗauke da siminti suna ta wucewa ta kanmu, ƙasa tana rawa. Na tura mutum biyu suka tsaya a tsakiyar titi suka tare su. Na ce kowa ya yi shiru. Na durƙusa a cikin taɓo, na cusa kaina a bututun. Wari ya bugi fuskata, da wata iska mai sanyi, kuma a ƙarƙashin hannuna na ji ruwa ya fara silalowa, siriri, ja.

Na ce, "Kai! Fito!"

Bututun ya haɗiye maganar ya mai da ita kamar ta kowa. Bai gane ni ba ne. Na sake cewa, "Kai, da kai nake!" Digar ta ci gaba. Ruwan da ke bin hannuna ya kai wuyan hannu.

Sunan yana bakina, amma harshena bai san hanyarsa ba. Tun ranar da liman ya raɗa shi, ni ina can gefe kaina a sunkuye, ban taɓa furta shi ba ko a ɗaki ni kaɗai. Na ji mutanena a bayana, na ji dillalai da mahautan da suka taru. Na buɗe baki na kira shi, da dukan ƙarfina, sunansa na yanka.

Digar ta tsaya.

Sannan daga can ciki, da wata murya irin ta ƙaramin yaro, ya ce, "Na'am, Baba?"

"Bar digar. Ja da baya. Yanzu."

Muka ji jan jikinsa a kan siminti. Ja da baya a rubda ciki ba ya sauri. Ina durƙushe ina kallon duhu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ruwa yana ƙaruwa. Na fara hango ɗan hasken tocilarsa yana rawa. Sai na ji wani sauti daga can ƙarshe, kamar an fasa babbar randa, iska ta bugo ni, hasken ya ɓace.

Ruwan ya watsar da ni gefe. Da na miƙe, bakin bututun ya cika maƙil, jan ruwa yana fita da kara da ƙazanta. Yaron nan bai fito ba. Ruwan ya turo shi har kusa da baki, amma igiyar da ke kugunsa tana maƙale a ciki, ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa. Ƙafa guda muka gani ta ɓullo tana harbawa, ta koma.

Ƙaton ya faɗa ciki har ƙirji ya cafko ƙafar. Ya ja, bai taho ba. Yana ihu, "Wuƙa! Ku ba ni wuƙa!" Wani mahauci ya zaro tasa ya diro ya miƙa masa. Ƙaton ya ja numfashi ya nutsa, hannu guda riƙe da ƙafar, ɗayan yana lalube. Ni ina tsaye cikin ruwa ina riƙe da bakin siminti. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san ƙafar ta daina harbawa.

Sai ga su sun fito tare, ruwa ya gangara da su cikin lambatu, mutane suka bi suka tsamo su. Aka kwantar da yaron nan a gefen titi, aka kifa shi, mahaucin yana danna masa baya. Bakinsa da hancinsa duk taɓo. Can ya yi wani irin tari, ya amayar da jan ruwa, ya ja numfashi mai ƙara. Jama'a suka ɗauki salati.

Ƙaton ya rungume kan yaron nan yana kuka yana zaginsa. "Ɗan banza mai taurin kai! Ana ce maka ruwa kana cewa a gai da shi!"

Ni ban matsa kusa ba. Na tsaya inda nake na ce a tattara kayan aiki, a sallami motoci, a biya masu igiyar guga. Ba wanda ya dubi fuskata, kuma har muka rabu da mutanen nan ba wanda ya taɓa tayar da maganar abin da ya ji na kira. Aka ɗora yaron nan a baro aka kai shi gidan ƙanena. Sai a lokacin ruwan sama ya iso gari. Daga ranar na hana wasan ihu a bakin kwalbati, ban ma sha wahalar hanawa ba.

Allah ya ƙara masa shekaru masu yawa bayan wannan, har ya yi furfura ya ga jikoki. Bara ciwo ya kwantar da shi, ya tafi ya bar ni, ni da ya kamata in riga shi.

A ranar dai, da na isa gida kafin magariba, labari ya riga ni. Mahaifiyarsa tana bakin murhu a ƙarƙashin rumfa. Ita kunyarta ta fi tawa, ko a gaban mata ba ta maganarsa. Ta kawo mini ruwa.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannu."

"An ce kwalbatin ya buɗe."

"Ya buɗe."

Ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Leburorin duk sun fito?"

"Duk sun fito."

Ta koma murhu ta zauna, ta daɗe ba ta motsa ba, hayaƙi yana shiga idonta ba ta kawar da kai ba. Daga baya ta dama kunu mai yaji ta zuba a kwano ta rufe, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarmu, ta roƙe ta ta kai gidan ƙanena, wai ta ji an ce akwai mai mura a can.