Kwarkwasar da ke wuyan Lydia

Lydia ta Gayam ɗiyar gwaggona ce, ni kuwa ɗan kawunta, don haka a al'adar taubasantaka baiwata ce, ko da yake tun muna yara ita ke dukana. Gwaggon tawa wani Bagwari mai zuwa coci ta aura, mu kuma gidanmu na masallaci ne, amma naman Sallah da shinkafar Kirsimeti ba wanda ke wuce mu.

Duk ƙasar Birnin Gwari babu macen da ta kai Lydia ɗaukar kaya. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗauka, wai kai ya ishe shi da aikin tunani. Ita kuwa in ta fito daga daji da itace, wallahi na ga direban lori ya taka burki, ya zaci kurmi ne ya taso zai tsallaka titi.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wani ƙullutu ya fito mata a gindin wuya, daidai inda kaya ke zama. Kowa ya ce kanta ce. Wace mace ce a Gayam ba ta da kanta a nan? Mijinta Enoch har fahariya yake yi, wai tasa matar kantarta ta fi ta kowa. Ta koma ɗauka a ɗaya kafaɗar wata uku, abin bai saɓe ba, sai girma. Ta fara rama, ga zazzaɓi yana zuwa yana komawa. Malamin disfensare na gari ya matsa wurin ya ce kanta ba ta gudu a ƙarƙashin yatsa kamar goro, a tafi Zariya.

Ni aka zaɓa in raka ta, saboda na kai aji huɗu kafin ni da hedimasta mu rabu ba baram-baram sosai ba.

A babban asibiti wani likita, Abdulsalam, ya yanki ɗan nama daga ƙullutun, bai kai ƙwayar gujiya ba, aka jefa a kwalba. Muka yi mako biyu a gidan wani ɗan garinmu a Tudun Wada muna jira. Kullum sai ta tambaye ni ko sun cinye naman ne.

Da muka koma, likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne, za a yi ta mata allura wata shida, za ta yi amai, gashi zai zube. Lydia ta ɗaure bakin zanenta ta miƙe. Ta ce a ɗakin da aka kwantar da ita lokacin yankan ta ga wata mata ta sha wannan allurar har ta ƙare, ba ta tashi ba.

Ta juyo gare ni ta ce, "Maikuɗi, ɗauko ƙunshina. In tafiya ce, gara in tafi daga ɗakina da gashina."

Na ce, "Ke baiwa, zauna, ubangidanki bai ba da izini ba."

"Ubangidan da bai da ko akuya? Matsa in wuce."

Na sha gabanta, don na san in ta taka ƙofar nan, ko soja ba sa dawo da ita.

Likita ya ce, "Mama, ciwon nan suna ɗaya, hali daban-daban. Na waccan baiwar Allah daban, naki daban. Zo ki ga naki."

Ya kai mu wani ɗaki mai warin magani, ya sa ɗan gilashi mai ɗauke da naman da aka yanka mata a ƙarƙashin madubin likita. Ni na fara leƙawa a matsayina na mai ilimi, ban ga komai ba sai gashin idona, amma na gyaɗa kai na ce lalle haka ne. Lydia ta ture ni ta dafe ido ɗaya.

Likita ya ce manyan nan 'yan kaɗan masu kama da idon mujiya su ne ciwon. Ƙananan baƙaƙen da suka cika wurin kuwa masu tsaron jikinta ne, nata na kanta. A jikin wasu, in ya leƙa, sai ya tarar masu tsaron sun watse, to nan magani kan sha wuya. In suka yi yawa haka, galibi allura takan ci. Bai yi mata rantsuwa ba, ya ce dai da ƙanwarsa ce zai ce ta tsaya.

Ta daɗe tana kallo, har na fara jin yunwa. Can ta ɗago.

"Likita, ai kwarkwasa ce wannan. Sun kewaye ƙwaro."

"Kusan haka."

"Duk nawa ne?"

"Duk naki."

"Na taɓa ganin sun kama kunama a gindin ɗorawa. Kafin in ɗaure itace ba sauran komai sai ƙaya." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Da naka aka leƙa, uku za a gani, biyu suna barci."

Likita ya yi dariya har tabarau ya zame. Ta koma ta zauna ta kwance bakin zanen. Ta ce tunda 'yan gida sun riga sun fito faɗa, kunya ce uwar gida ta gudu ta bar su.

Wata shida aka yi. Ta yi aman da na tabbata ya ƙara wa kogin Kubanni ruwa. Kanta ya zama sumul kamar ƙwaryar nono, nakan roƙe ta ta sunkuyo in gyara hulata a ciki, ita kuma ta jefe ni da kofi. Ƙullutun ya bi ruwa tun a wata na uku, amma likita ya hana ta tafiya sai da aka cika.

Yau shekara shida ke nan, tana zuwa Zariya sau biyu a shekara a duba ta. Ta zama bala'i a kasuwar gari. Ba ta gaisa da mace sai ta kai hannu wuyanta ta matsa. Matan Gayam in sun hango ta sai su ja mayafi su bi layin masu manja. Biyu dai ta riga ta tasa su gaba har Zariya, ɗaya tana zaginta tun daga tasha har Funtuwa.