Abin da ya bari a cikin dokina

Har gobe ban yafe wa mai fiɗiyar nan ba, kuma ba ni da niyya.

Ni na kai masa dokina, na riƙe igiya da hannuna aka kayar da shi. Da ya gama sai ya yi wuf ya ƙunshe abin da ya ciro a ganye ya binne, wai ba kyau mai doki ya gani. Ni kuwa, sakarai, har godiya na yi masa.

Bayan shekara surukina ya nemi doki mai sanyi da zai riƙa hawa zuwa gona, ƙafafunsa sun fara gajiya. Na ja nawa har gidansa a Dogo Nini, na rantse masa da Allah fiɗiyayye ne, ko tunkiya ba ta fi shi sanyi ba. Sati uku tsakani, a hanyar Ngojin, dokin ya hango goɗiya. Ya yi haniniya, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya yi jifa da tsohon. Ƙugu ya karye.

Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. Matata ma sai ta ajiye min tuwo ta juya.

Likitan dabbobi ya ɗebi jinin dokin, ya ce akwai sauran ƙwaya ɗaya maƙale a cikin ciki, ba ta taɓa saukowa ba, ita ke ta da shi. Ashe ɗaya kawai mugun ya cire. Da likita ya yi aiki na ce ya sa min ita a kwalba.

Ranar kasuwa na sami mai fiɗiyar a bakin Kasuwar Shanu, mutane sun yi layi da bijimansu. Na dangwarar da kwalbar gabansa.

"Ga ragowar aikinka, ka manta a cikin dokina."

Ya fara kame-kame. Na bi layin ina nuna wa kowa, suka kwance dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na ji daɗi.

Daga nan na wuce Dogo Nini, na durƙusa, na nuna wa tsohon kwalbar, na yi bayani tiryan-tiryan. Ya daɗe yana kallonta, sandarsa a jingine da gado.

"Ai ba shi ya rantse min ba, ɗan nan. Kai ne."

Duk ranar kasuwa ina zuwa bakin Kasuwar Shanu da kwalbar.